Waiwaye: Cip Ya Wuce, Hannu Ya Saura

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Maiduguri a farkon shekarun 2000 ya san gidan gem, ko da kuwa a ɓoye yake zuwa don gudun bulalar gida. Ɗan shago ne a Gwange ko Bulumkutu ko Hausari, da labule a ƙofa, benci biyu, talabijin uku ko huɗu masu ƙaton ƙeya, kowace da PlayStation a gabanta, ga janareta yana kuka a waje. Wasa-wasa ake biya, wanda aka ci ya tashi. A zamanin PlayStation ta farko kowa Brazil yake so a Winning Eleven, don ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudunsa. Da PlayStation 2 ta kankama, rigimar ta koma kan wa zai ɗauki Inter saboda ƙafar hagun Adriano. Ihun da ake yi a shagunan nan har bakin titi ake jiyo shi.

Amma kusan duk na'urar da ke ciki sai da ta fara biyawa ta teburin wani mutum da 'yan wasa ba su ma san fuskarsa ba. Yana zaune a wani lungu na Kasuwar Monday ko wajen Fos Ofis, tsakanin masu gyaran rediyo da bidiyo, ƙarfen liƙi a hannu, gilashin ƙara girma a gefe. Aikinsa sa cip. Mai gidan gem zai kawo masa na'ura, ya kwance ta, ya liƙa mata wani ɗan guntun abu da siraran wayoyi, ya mayar ya ɗaure, daga ranar duk faifan da aka jefa mata sai ta karɓa. Wannan ciniki yau ya mutu, ko ya kusa. Yadda masu shi suka koye shi ne ya sa na ga ya cancanci a waiwaye shi.

Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation a Japan a watan Disamba na 1994, ta isa Amurka da Turai a 1995. Tun farko ya kasa duniya gida uku, ya kulle kowace na'ura da yankinta. A can kusa da tsakiyar kowane faifai na asali akwai wata 'yar karkarwa da aka yi wa layin rubutun da gangan, tana ɗauke da haruffa huɗu: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. Na'ura kan nemi haruffan nan kafin ta fara komai. In ta ji na wani yanki ta ƙi, in ba ta ji komai ba ta gane kwafi ne, domin injin kwafar faifai na gida ba ya iya rubuta wannan karkarwa.

A takarda Najeriya ɓangaren Turai take, tun da talabijin ɗinmu tsarin PAL yake bi. Sai dai kasuwa ba ta karatun takarda. Na'urorin da ke isowa Maiduguri yawanci na hannu ne, sun sauka a Legas, sun bi ta Alaba ko Sabon Garin Kano, wata daga Amurka, wata daga Japan, wata daga Ingila. Ta Amurka da ta Japan wutar da ba ta wuce bolt 120 ba suka sani, tamu kuwa 230 ce, wanda ya yi zumuɗi ya jona ba tare da 'yar taransifomar rage wuta ba hayaƙi zai gani. In ta tashi kuma, tsohuwar talabijin kan nuna hoton baƙi da fari. Ga tsada: a wancan lokaci sabon faifan PlayStation 2 na asali kusan dala 50 ne a Amurka, alhali faifan da yara ke cirewa suna mayarwa ba ya daɗewa bai karce ba. Na kwafi kuwa ga shi nan tuli. Kuma Maiduguri ba ita ce ƙarshen hanya ba: kaya kan ƙara gaba ta Gamborun Ngala zuwa Kuseri da Njamena, ta Banki zuwa Marwa, ta Damasak zuwa Diffa. Mai sa cip bai taɓa rasa aiki ba.

Abin da cip ke yi shi ne ya riƙa faɗa wa na'ura abin da take son ji, ko yana kan faifai ko babu. A PlayStation ta farko abin da sauƙi: waya huɗu zuwa takwas, wuraren liƙin da ɗan faɗi, mai gyaran rediyo ma yana iyawa. PlayStation 2, wadda ta fito a Japan a watan Maris na 2000 aka kuma sayar da sama da miliyan 155 nata a duniya, ita ce ta tace gwanaye. Cip irin su Messiah da Matrix Infinity da Modbo kan nemi waya wajen 20, wasu a liƙa su a ƙafafun da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita ɗaya ba. Sony kuma ya yi ta sauya fasalin fanel ɗin ciki daga ƙira zuwa ƙira, taswirar da ta yi aiki a wannan ba za ta yi a waccan ba. A 2004 aka fitar da siririya, komai na ciki ya ƙara tsukewa. Waya ɗaya ta kauce, ko ɗigon dalma ya haɗe ƙafa biyu, jarin mutum ya zama gawa a kan tebur.

Shi ya sa babu ogan kirki da ke miƙa wa sabon yaro na'urar mai kaya. Yaron shago kan fara da shara da ɗebo ruwa da tayar da janareta, yana kallo. In an ga yana da natsuwa, sai a jawo kwalin da ke ƙarƙashin tebur, wanda ke cike da matattun fanel na rediyo da bidiyo, a ce ya cire kaya ya mayar. Ya cire, ya mayar, ya sake cirewa, daga manya yana gangarowa zuwa ƙanana. Sannan a ba shi siririyar waya, wadda kaurinta bai wuce rubu'in milimita ba, ya koyi feɗe bakinta ba tare da ya gutsure ta ba, ya shafa mata dalma tukuna, ya ɗora ta a ƙafa ɗaya tak ba ta taɓa maƙwabciyarta ba. In ya gama jere guda, oga ya ɗauki mita ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda mita ta yi ƙara alhali bai kamata ba, an haɗe ke nan. Sai ka ji an ce, “Yaro, warware ka sake.” Ya ce, “To, Oga,” ya warware. Akan yi watanni a haka kafin a bar shi ya taɓa abu mai rai, shi ɗin ma mai sauƙi, oga na tsaye a kansa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Borno. Ƙasar da ta yi suna da rubuta Alƙur'ani da hannu ta san ba a fara ɗora alƙalami a takarda. Almajiri kan yi shekaru yana rubutu a allo yana wankewa, sai hannu ya faɗa sannan a amince masa da takarda, inda kuskure ba ya wankuwa. Mataccen fanel shi ne allon mai liƙi.

Babban abin da hannu ke koya a wannan zama shi ne lokaci. Dalmar liƙi gami ce ta kuza da dalma, yawanci kashi 60 da 40, tana narkewa a wajen digiri 185, bakin ƙarfen kuwa yakan haura 300. Layukan jan ƙarfen da ke kan fanel manna su aka yi, mannin kuma ba ya jure wannan zafi. Daƙiƙa biyu ko uku mutum ke da su. In ya wuce, ɗan wurin liƙin ya ɗago ya biyo ƙarfe, sai a shiga neman inda layin ya dosa a yi masa jamfa, in da rabo. In kuma ya yi gaggawar ɗagawa, dalma ba ta kama da kyau ba, sai ta fito a dushe maimakon ta yi sheƙi. Wannan shi ne mafi sharrin liƙi, domin yana aiki a gaban mai kaya, sai an kai gida ya saki.

Bayan lokaci sai zama. Gwani ba ya riƙe hannu a iska. Yakan kafa gefen tafinsa a tebur, yatsu kaɗai ke motsi, ya ɗan tsayar da numfashi a daidai lokacin da baki zai taɓa. Yakan goge bakin ƙarfe kafin kowane liƙi, don bakin da ya yi baƙi ba ya isar da zafi. Yakan shafa man liƙi, wanda ke cinye tsatsar da ido ba ya gani ya sa dalma ta kwanta inda ake so. Ba ya ɗibar dalma da yawa. Kowace waya yakan yanke ta daidai tsawonta, ya kwantar, ya danne da salatif, domin waya mai lilo wata rana murfi zai cije ta. Kafin ya ɗaure sai ya bi aikin da gilashi da mita, kafin ya jona wuta sai ya sake bi. Mai kaya na iya tsayawa a kansa yana cewa yara na jira a shago, wannan ba ya rage masa ko mataki ɗaya.

Garin ma da nasa karatun. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, na'urar gidan gem kuwa tun hantsi take aiki har dare a ɗakin kwano. Ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, kullum haka, kuma a nan asirin raunin liƙi ke tonuwa. Da hunturu ƙura kan toshe fanka ta rufe idon da ke karanta faifai, busasshiyar iska kuma ta tara wa jiki irin wutar nan da ke tsunkulin mutum in ya taɓa ƙofar mota, wadda ta isa ta kashe cip, don haka mai lura kan fara taɓa wani ƙarfe kafin ya taɓa fanel. Wutar NEPA ba ta da alkawari, ta janareta tana hawa tana sauka, ƙarfen liƙi mai araha kuma wani lokaci yakan yi yoyon wuta ta baki. Shi ya sa wasu kan zare shi daga soket a daidai lokacin liƙi, su yi aiki da zafin da ya tara. Waɗannan dabaru asara ce ta koyar da su, oga kuma ya gadar wa yaronsa don kada a biya kuɗinsu sau biyu.

Kada a ɗauka raunin liƙi ciwon talaka ne kawai. Xbox 360 ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 2005, ta yi ta mutuwa a hannun masu ita tana nuna jajayen fitilu uku, kuma babban sanadin shi ne mahaɗan dalma na cip ɗin hoto da ke tsagewa saboda hawa da saukar zafi. A 2007 kamfanin ya ware sama da dala biliyan 1 don gyara, ya tsawaita garanti zuwa shekara 3. In ɗigon dalma ya iya jawo wa Microsoft wannan, mai tebur a kasuwa ba shi da dalilin raina shi.

Ba za a yi wannan waiwaye a tsallake maganar haƙƙi ba. Cip abu biyu yake yi: yana buɗe kullen yanki, yana kuma buɗe ƙofar kwafi, kuma gaskiya a wajenmu na biyun ne ya fi kawo ciniki. Kotunan duniya ma sun rabu a kansa. A 2004 wata kotu a Ingila ta yanke cewa cinikin cip ɗin Messiah ya saɓa doka, a 2005 kuma babbar kotun Ostireliya ta ba wani mai sa cip, Eddy Stevens, gaskiya a kan Sony. A 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure Gary Bowser wata 40 saboda cinikin kayan fasa kullen na'urorin Nintendo. A Najeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta hana karya makullin fasahar da mai aiki ya sa don kare aikinsa. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa a Kano ba mu da bakin cewa kwafi ba ya cutar da kowa. Horon da aikin ya samar nake yabo, kuma horon ya fi cinikin tsawon rai.

Cinikin dai bai yi ƙarko ba. A 2008 wasu masu sha'awar abin suka fitar da manhajar Free McBoot, wadda ake zubawa a memorin ajiye wasa ta buɗe yawancin PlayStation 2 ba tare da an kwance sukuru ko ɗaya ba. Daga baya aka koma loda wasanni a filas, faifai ya zama tarihi, a farkon 2013 kuma Sony ya daina ƙera na'urar gaba ɗaya. A Maiduguri kuwa abin da ya fi wannan girma ya riga ya faɗo. Bayan rikicin watan Yuli na 2009 aka shiga zamanin dokar hana fita da shingayen bincike, a 2011 aka hana hawa babur, iyaye suka tsare 'ya'yansu a gida, duk inda samari ke taruwa ya zama abin ɗari-ɗari. Gidajen gem da yawa suka sauke labule.

A nan aka ga bambanci. Wanda iya saninsa haddar taswira, jar waya nan, baƙa can, sana'arsa ta tafi tare da cip. Wanda ya sha zaman kwalin matattun fanel kuwa kayan da ke kan teburinsa ne kawai suka sauya. Wayar salula ta shigo Najeriya tun 2001, kafin wannan lokaci ta cika aljihu, kuma bakin caji da ya karye, layin da ya tsinke, wayar da ta faɗa ruwa, duk hannu ɗaya suke nema. Da aka katse layukan waya a Borno na tsawon watanni bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayun 2013, rediyo da talabijin da fitilar caji suka riƙe shi. Da aka fasa turakun babban layin wuta na hanyar Damaturu a watan Janairun 2021, gari ya shafe kusan shekara a duhu, sola da inbata da batir suka zama abin kowa, su ma cikinsu fanel ne da dalma. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da Fos Ofis har fadar Shehu, kayan wutar da aka tsamo daga laka teburin masu gyara suka nufa: a wanke, a busar, a nemi inda tsatsa ta ci, a sake liƙawa. Kowace jarrabawa da kayan da ta kawo, aikin hannun kuwa ɗaya ne.

Yau kaya sun ƙara ƙanƙancewa. A cikin wayar zamani akwai ƙwayoyin da tsawonsu milimita 0.6 ne, faɗinsu 0.3, har da waɗanda ba su kai haka ba, sai da madubi mai ido biyu da injin hura iska mai zafi ake taɓa su. Tun 2006 Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki, abin da ya maye gurbinta kuwa sai wajen digiri 217 yake narkewa, wato zafi ya ƙaru, wuri ya ragu. Cip ɗin ma ya dawo ta wata ƙofa a Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017, kuma liƙinsa ya fi na PlayStation 2 tsanani nesa ba kusa ba. Haƙuri ne ya yi ƙasa. Matashi zai kalli bidiyon minti goma a YouTube, wanda aka yanke duk inda hannu ya yi rawa, ya sayi ƙarfe da safe, da yamma ya buɗe wayar maƙwabci. Bidiyo yana nuna inda za a taɓa, amma ba ya sa wa mutum daƙiƙa biyun nan a yatsu. Wasu shirye-shiryen koyar da sana'a ma haka suke: mako biyu a aji, a raba akwatin kayan aiki, a ɗauki hoto, a sallami yara su je su ƙarasa koyo a kan kayan jama'a.

Kayan jama'a kuwa amana ne, kuma addini bai bar maganar a buɗe ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, har a cikin Risala, mai sana'ar da aka bar wa kaya ya yi aiki a kansu shi ke da lamuninsu in sun salwanta a hannunsa, kuma malamai sun tsananta ne don kare dukiyar mutane. Wayar da aka kawo gyara a garin nan tana ɗauke da lambobin 'yan'uwan da gudun hijira ya warwatsa, da asusun banki, da hotunan wanda ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya ƙone ta da koyo, sannan ya ce wa mai ita dama a mace ta zo, ya haɗa asara biyu: dukiyar wani da gaskiyar kansa.

Jikin mai aikin ma amana ne. Dalma guba ce, kuma abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubarta daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, ya isa izina. Mai liƙi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya daina riƙe zaren dalma da haƙori, ya zauna inda iska ke wucewa, domin hayaƙin man liƙi yana taɓa huhu har ya kai ga asma.

Kirana ga ogannin da suka rage daga wancan zamani shi ne su dawo da kwalin ƙarƙashin tebur, kada su sayar wa 'yan gwangwan duk matattun fanel a kan sikeli, su bar na yara. Kwalejin Ramat da sauran cibiyoyin koyon sana'a na jiha su jawo irin waɗannan mutane cikin ɗakunan aikinsu, ko da ba su da takardar shaida, kuma a riƙa auna ɗalibi da mita kafin a miƙa masa akwati. Kai kuma matashin da ke sha'awar aikin, sannu ba ta hana zuwa. Nemi matattun kaya ka zauna da su, ka liƙa ka warware, kada ka karɓi kayan kowa sai mita ta daina kama ka da laifi a kan naka.